Daga Dogon Dutsi zuwa ɗakin awo: tafarkin sabon mai bincike a fannin garkuwar jiki da allurar lamba

0. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan nazari muna son mu duba hanyar da matashi yake bi kafin ya zama mai bincike a fannin garkuwar jiki da allurar rigakafi, wadda a nan Nijar aka fi sani da suna lamba. Da yake magana a dunƙule ba ta cika haskaka komi ba, mun zaɓi wuri guda da cuta guda. Wurin shi ne ƙasar Arewa, wato gundumar Dogon Dutsi da ta Tibiri cikin jahar Doso. Cutar kuwa ita ce sanƙarau. Duk inda muka rubuta Arewa da babban baƙi, ƙasar Arawa muke nufi.

Abin da muke son mu nuna shi ne, aikin mai bincike a wannan fanni yana bin sawun ƴar kwalbar nan da ake zuba ruwan lakar maras lafiya a cikinta. Kwalbar takan tashi daga likitar ƙauye ta sauka Yamai, wani lokaci ta zarce har Oslo ko Atlanta. A kowane zango akwai aiki, akwai kuma ilimin da ake samu. Matsayin da mai bincike zai kai ya danganta ga abu biyu: zangon da ya iya raka kwalbar, da kuma ko shi ne mai tambayar da aka ɗebi ruwan dominta. Za mu fara da fagen aikin da ilimin da yake buƙata, mu bi matakan karatu da zangunan aiki, mu ƙare da abin da ke jiran matashi bayan ya gama kundin doktora. Malamai da ɗalibai na sauran fannoni za su ga cewa da yawa daga cikin matsalolin nan tare muke fama da su.

1. Fagen aiki: Arewa cikin ɗamarar sanƙarau

A shekarar 1963 ne wani likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya bayyana yankin da annobar sanƙarau ta saba ziyarta a Afirka, wanda yake kamar ɗamara a ƙugun nahiyar. A yau ana lissafa ƙasashe 26 cikin wannan ɗamara, daga Senegal zuwa Habasha. Cutar tana da lokacinta. Takan taso da hunturu, sa'ad da iska ta bushe ƙura ta yi yawa, ta tsananta da bazara, ta kwanta da zarar damina ta sauka.

Arewa tana cikin wannan ɗamara tsundum. Garin Dogon Dutsi yana bisa babbar hanyar da ta tashi daga Yamai ta nufi Ƙonni da Maraɗi, kimanin kilomita 270 daga babban birni. Garuruwan Dallol Mawri, daga Matankari zuwa Kore Mai Ruwa da Tibiri, suna da cikar jama'a, kuma gabas da su iyakar Nijeriya ce, wajen jihohin Sakkwato da Kabi. Kasuwa ɗaya ake ci, ana auratayya, ana zuwa cin rani. Ƙwayar cuta ma ta wannan hanya take ƙetare iyaka.

Shekara da shekaru, ƙwayar sanƙarau ta dangin A ita ce ke kawo manyan annoba. Ita ce ta afka wa Nijar a 1995, sannan a 1996 da 1997 ta kama fiye da mutum 250,000 a ƙasashen ɗamarar, ta kashe kimanin 25,000. Bayan haka wasu dangogi suka fara nuna kansu: dangin W a Burkina Faso a 2002, dangin X a Yamai da kewaye a 2006. A watan Satumba na 2010 aka fara yin sabuwar lambar MenAfriVac a gundumar Filinge, kafin ƙarshen 2011 kuma aka game ƙasa da ita, ga masu shekara 1 zuwa 29. Dangin A ya kusa ɓacewa baki ɗaya.

Sai dai a 2013 da 2014 wata sabuwar ƙwaya ta dangin C ta ɓulla a jihohin Sakkwato da Kabi. A 2015 ta shigo Nijar da ƙarfi. Gundumomin lafiya na Dogon Dutsi da Gaya suna cikin waɗanda cutar ta kai mizanin annoba a cikinsu, haka ma unguwannin Yamai, inda har aka rufe makarantu na ƴan kwanaki a watan Afirilu. Daga farkon Janairu zuwa ƙarshen Yuni an lissafa mutum 9,367 da ake zaton sun kamu, 549 suka rasu. Allurar dangin C ta yi ƙaranci a duniya a wannan shekara. Fagen da matashin namu zai shiga ke nan: wuri ne da tambayoyin kimiyya suke tasowa da kansu, amsarsu kuma rayuka take ceta.

2. Ilimin da aikin yake buƙata

Ba ƙwaya ɗaya ke kawo sanƙarau ba, amma wadda ta fi haddasa annoba ita ce ake kira meningokok. Mazauninta maƙogwaron ɗan Adam. Mutane da dama suna ɗauke da ita lafiyarsu lau, suna kuma baza ta ta hanyar tari da numfashi. A jikin ƴan kaɗan ne take ratsawa cikin jini ta kai ga fatar da ke lulluɓe da ƙwaƙwalwa da laka. In ba magani takan kashe rabin waɗanda ta kwantar. Ko da magani, kusan ɗaya cikin 10 yakan rasu, cikin masu tashi kuma akwai masu saura da kurunta ko wata naƙasa.

Ƙwayar tana sanye da wata riga ta sinadari mai dangantaka da sukari. Da irin rigar ake rarrabe dangogi. Akwai 12, amma shida ne masu ɓarna: A, B, C, W, X da Y. In jiki ya gamu da rigar, yakan ƙera wasu sinadarai cikin jini masu kama ƙwayar su sa a hallaka ta. Da Faransanci ana ce musu anticorps. A nan za mu kira su makarai, jam'in makari. Makarin dangin A ba ya aiki a kan dangin C.

Allurar farko, wadda aka samar a ƙarshen shekarun 1960, rigar ce kawai aka tace. Tana da rauni uku. Ba ta kama jikin yaran da ba su kai shekara 2 ba sosai. Kariyarta ba ta wuce ƴan shekaru, domin jiki ba ya riƙe kamannin ƙwayar. Kuma ba ta hana mutum ɗaukar ƙwayar a maƙogwaro. Shi ya sa ake ajiye ta sai annoba ta tashi. Dabarar da ta canza al'amari ita ce ɗaura rigar a kan wani furotin da jiki ya iya ganewa da kyau. A MenAfriVac, dafin tetanos ne da aka kashe wa ƙarfi. Da wannan haɗi, wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira T suna shiga aikin, jiki ya riƙe kamannin ƙwayar, jarirai su samu kariya, maƙogwaro ma ya tsarkaka, har wanda ba a yi wa lamba ba ya amfana.

Saura tambaya: ta yaya ake sanin allura ta kama? Ana ɗibar jinin wanda aka yi wa, a ware ruwansa, a riƙa tsarma shi mataki-mataki ana haɗa shi da ƙwayoyi masu rai, a ga iyakar tsarmin da zai iya kashe su. Wannan awo shi ne ma'aunin da hukumomi ke dogara da shi wajen yarda da allurar sanƙarau. Wanda ya ƙware da shi, da lissafin da ke biye da shi, ya riƙe mabuɗin fannin.

3. Matakan karatu

Yaron da ya samu bak ta fannin kimiyya a lise ta Dogon Dutsi yana da ƙofa uku. Ta farko likitanci ko haɗa magani, a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, wadda sashenta na kiwon lafiya ya fara aiki a 1974, ko a jami'o'in Maraɗi da Damagaram da aka kafa a 2010. Likitanci ba ya kasa shekara 7. Ta biyu ilimin halittu, bisa tsarin LMD: lisansi shekara 3, mastar shekara 2, doktora shekara 3, a bisa takarda. Ta uku makarantun kiwon lafiya masu horar da ma'aikatan ɗakin awo. Wannan ƙofa ta uku ba a cika ambatonta ba, alhali masu bin ta su ne suka fi daɗewa da kwalba a hannu, wasunsu kuma sukan koma karatu daga baya har su kai doktora.

Kowace ƙofa da giɓinta. Likita ya san maras lafiya amma bai zauna ɗakin awo ba. Ɗan ilimin halittu ya san ƙwaya amma bai saba da asibiti ba. Dukansu kuma suna buƙatar ƙididdiga da kwamfuta fiye da abin da aka koya musu. Daga mastar zuwa sama, da yawa sai sun fita waje: Dakar, inda Cibiyar Pasteur take yin allurar shawara tun shekarun 1930, Bamako, inda marigayi Ogobara Doumbo da abokan aikinsa suka gina cibiyar binciken zazzaɓin cizon sauro a farkon shekarun 1990, Wagadugu da Bobo-Julaso, Akara, inda aka buɗe cibiyar WACCBIP a 2014, ko Faransa da Maroko da Aljeriya. Tsarin da ya fi dacewa da mai son komowa shi ne kundi mai malamai biyu, ɗaya a gida ɗaya a waje, ana ɗibar samfuri a nan ana wani sashen awo a can. Tun daga 2023, da dangantakar Nijar da Faransa ta lalace, hanyar buris da biza ta wannan ɓangare ta ƙuntata, abin da ya ƙara wa cibiyoyin Afirka muhimmanci.

Akwai kuma matakin da ba ya cikin kowace manhaja. Yaron ya tashi da Hausa, ya yi karatu da Faransanci, amma mujallun da ake karantawa a fannin nan kusan duka da Ingilishi suke fita. Wanda bai iya rubutu da Ingilishi ba, wani ne zai rubuta masa sakamakonsa, mai rubutu kuwa shi ke tsara yadda za a fahimci aikin.

4. Zangunan ƴar kwalba

4.1. Likitar ƙauye da asibitin gunduma

In aka kawo yaro da zazzaɓi da sandarewar wuya, ana soka allura a ƙasan gadon bayansa a ɗebo ruwan laka. Ana cika takarda: suna, shekaru, ƙauye, ranar da ciwo ya fara, ko an taɓa yi masa lamba. Meningokok ba ta jimirin tafiya, sai an sa ta cikin wani ruwa na musamman in ana son ta isa Yamai da rai. Kowane mako kuma ana aika lissafin waɗanda suka kamu. Bisa ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta a 2014, in an samu mutum 3 cikin 100,000 a mako guda, an shiga faɗakarwa. In sun kai 10, annoba ce. Aikin nan kamar ƙarami ne, amma duk abin da za a rubuta daga baya a kansa ya dogara. Takardar da aka cika ba daidai ba, babu injin da zai gyara ta.

4.2. Yamai

Zango na biyu shi ne CERMES. An kafa ta a ƙarshen shekarun 1970 don binciken sanƙarau da tsargiya, ƙarƙashin ƙungiyar OCCGE ta ƙasashen yankin. A 2002 ta zama cibiyar ƙasa ƙarƙashin ma'aikatar kiwon lafiya, daga baya kuma ta shiga ƙawancen cibiyoyin Pasteur. A ƙarshen 2002 ta fara amfani da awon PCR, wanda ke gano ƙwayar ta hanyar sinadarin gadonta ko da ta mutu a hanya. Wannan ya sa ruwan da aka ɗiba a wurare masu nisa ya zama mai amfani. A 2006 kuma Suzanne Chanteau da abokan aikinta suka fitar da wani ɗan tsinken awo da ake tsomawa cikin ruwan laka ya nuna dangin ƙwayar cikin ƴan mintoci.

A nan muna da misalin da ya kamata ɗalibai su lura da shi. Maƙalar da ta bayyana aikin PCR a 2003, sunan farko a kanta shi ne na Fati Sidikou, ma'aikaciyar CERMES. Maƙalar da ta bayyana annobar 2015 a mujallar The Lancet Infectious Diseases a 2016, bayan an auna fiye da kwalba 4,000 an samu dangin C cikin fiye da 1,100, ita ma sunan nan ne a gaba. Shekara 13 ke tsakanin maƙalolin biyu, a ɗakin awo guda, kan cuta guda. Ƙwarewa a wannan fanni haka take ginuwa, kuma ba ta ginuwa sai in akwai wurin da mutum zai zauna.

4.3. Ƙetare

Wasu tambayoyi sai an fita da kwalbar waje. Ƙwayoyin da aka tsinta a ƙasashen ɗamarar an daɗe ana aika su cibiyoyin Oslo da Atlanta da Marsai da Pari don a karanta gadonsu dalla-dalla. Da irin wannan aiki ne masu bincike a Oslo suka nuna a 2018 cewa ƙwayar dangin C ta 2015 ta samo asali daga wata ƙwaya maras riga da ke zaune a maƙogwaro ba ta cuta, wadda ta samu gadon yin riga daga wata. Haka kuma lokacin gwajin MenAfriVac a Indiya da Mali da Gambiya da Senegal da Gana, jinin da aka ɗiba, Mancesta ta Ingila aka riƙa kai shi don awon kashe ƙwaya da muka bayyana a sashe na 2. Haɗin kan nan ya haifi alheri mai yawa. Amma sai mu lura cewa zangon da ake kira ilimin garkuwar jiki na ainihi, inda ake amsa "don me" da "ta yaya", shi ne ya fi nisa da Arewa. Matashin da ke son wannan zango, ko dai ya bi kwalbar ya tafi, ko ya yi fafitikar jawo awon gida.

4.4. Gwajin allura

Nijar ba baƙuwa ba ce a gwajin allura. A ƙarshen shekarun 1990 an gwada wata allurar haɗi ta dangin A da C a kan jarirai a Yamai, ƙarƙashin CERMES. Ta nuna alamun kirki, amma ba ta kai ga jama'a ba, domin kamfanonin Turai sun karkata ga abin da kasuwarsu ke so. Daga 2014 kuma cibiyar Epicentre ta ƙungiyar likitoci MSF ta gwada allurar zawon yara mai suna Rotasiil, wadda ke jimirin zafi, a gundumar Madarunfa ta jahar Maraɗi. Sakamakon da ya fito a 2017, a kan jarirai kimanin 3,500, ya nuna ta rage zawo mai tsanani da kusan kashi 67 cikin 100. Irin wannan gwaji makaranta ce babba. A cikinsa ne matasa ke koyon tsara aiki, da kiyaye sanyin allura, da bin yaro gida-gida har shekara biyu.

5. Magana da jama'a

Kafin a ɗebi jini ko a soka allurar gwaji, sai mutum ko uwayen yaro sun yarda bayan sun fahimta. Ƙa'ida ce da likitocin duniya suka tsayar a Helsinki a 1964, kuma kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar bincike ba ya sa hannu sai ya ga yadda za a cika ta. Takardar yarda da Faransanci ake rubuta ta, bayani kuwa da Hausa ake yin shi, wanda bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa a gaban shaida. Galibi ƙaramin mai bincike ne ke wannan bayani, don shi ne ɗan ƙasa. Bari mu dubi kalmomin da ke hannunsa:

(1) lamba: alama ce, tabon da ke saura a dantse;
(2) shasshawa: tsaga ce, irin ta wanzami;
(3) rigakafi: a riga a yi kafi tun maƙiyi bai iso ba;
(4) sanƙarau: sunan ya fito daga sanƙarewar wuya, wato daga alamar ciwon.

Kalma ta (4) ba ta rarrabe dangi da dangi, ta (1) zuwa ta (3) kuma ba su faɗin iyakar kariya. Uban da aka ce masa a 2011 "an yi wa ɗanka lambar sanƙarau", ya ga sanƙarau ya kama yaron a 2015, yana da hujjar cewa ko allurar ba ta da kirki ko an yi masa ƙarya. Alhali allurar ta yi aikinta a kan dangin A. Bayanin da ya kamata tun farko shi ne cewa sanƙarau gida ne mai ƴaƴa da yawa, kowane da makarinsa. Haka kalmar gwaji: kunnen mai sauraro yakan ji "a gwada a kanmu". Sai an bayyana cewa ƙuri'a ce ke raba yara gida biyu, cewa wasu za su samu abin da babu magani cikinsa, kuma mutum yana iya janyewa ba tare da an hana ɗansa magani ba.

Tsoron jama'a yana da tarihi. A annobar 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200 a Kano, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a kan ko uwaye sun yarda da saninsu, har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dalar Amurka miliyan 75. A 2003 da 2004 aka dakatar da lambar shan inna a Kano. Maganar ta ƙetaro iyaka, kuma Adeline Masquelier, wadda ta daɗe tana nazarin al'ummar Dogon Dutsi, ta yi rubutu a 2012 kan yadda wasu magidanta na garin suka ƙi wannan lamba. Mai binciken da ya san gaisuwar fada, ya san ta bakin wa ake shiga gari, ya iya zama da liman da ungozoma, yana riƙe da wani ilimi da gwaji ba ya yiwuwa sai da shi.

6. Bayan doktora

Tsanin da ke gaban mai doktora, CAMES ce ke riƙe da shi, wato majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka da Madagaska, wadda aka yanke shawarar kafa ta a nan Yamai a 1968, mazauninta kuma Wagadugu. Malamin jami'a yana hawa daga assistant zuwa maître-assistant, zuwa maître de conférences, zuwa professeur titulaire. Ma'aikacin cibiyar bincike yana hawa daga attaché zuwa chargé, zuwa maître, zuwa directeur de recherche. Abin da kwamitoci suka fi dubawa shi ne maƙaloli, da inda suka fito, da gurbin sunan mutum a jerin marubuta. A kimiyyar lafiya suna na farko na wanda ya yi aikin ne, na ƙarshe na shugaban aikin. Wanda ya yi wata shida yana yawon ƙauyuka yana iya tsintar sunansa a tsakiyar mutum 20, ko a layin godiya. Wato ke nan aikin sashe na 4.1 da na 5, wanda komi ya dogara a kansa, shi ne ya fi ƙarancin lada a tsanin.

Matsala ta biyu ita ce matakalar farko. A Turai da Amurka sabon dokta yakan samu shekara 2 zuwa 4 yana bincike zalla da albashi kafin ya tsaya da ƙafarsa. A nan abin da ya fi samuwa shi ne hidimar ƙasa, ko kwantaragi cikin wani shiri mai kuɗin waje wanda zai ƙare bayan ƴan shekaru. In ya shiga jami'a, yawan ɗalibai ya cinye lokacinsa. In ƙungiyoyin agaji suka kira shi da albashi mai tsoka, da wuya ya ƙi, ga iyali ga dangi. Ba a rasa shi ga kiwon lafiya ba, amma an rasa shi ga bincike.

Ta uku ita ce mai tambaya. Tun 1980, a shirin Legas, ƙasashen Afirka suka yi alkawarin ware kashi 1 cikin 100 na arzikinsu don bincike, kaɗan ne suka kusanci haka. Kuɗin waje kuwa da tambayarsa yake zuwa, kuma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Amma tarihin MenAfriVac ya nuna ana iya juya abin. Da aka kafa shirin a 2001, tsakanin Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH, jami'an lafiya na ƙasashen ɗamarar, har da na Nijar, sun nuna cewa allurar da ta wuce rabin dalar Amurka ba za su iya sayenta ba. Wannan sharaɗi shi ya kai shirin ga kamfanin Serum Institute na Indiya. Haka nan Zariya a shekarun 1970: Brian Greenwood da Hilton Whittle sun yi binciken garkuwar jiki da sanƙarau a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, kusa da marasa lafiya, kuma cikin likitocin da suka taso a wannan zamani akwai Idris Mohammed, wanda ya jagoranci yaƙi da annobar 1996 a Nijeriya. Ashe ana iya kafa zango na uku a ƙasar Hausa.

7. Kammalawa

Aiki bai ƙare ba. A 2017 Nijar ta sa MenAfriVac cikin lambar yara ta kullum. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sabuwar allura mai haɗa dangi biyar, A, C, W, X da Y. A 2024 Nijeriya ta fara amfani da ita, Nijar ta biyo baya a shekarar. A watan Satumba na 2024 kuma aka ƙaddamar da lambar zazzaɓin cizon sauro a Gaya, cikin jahar Doso. Kowace daga cikinsu ta zo da tambayoyin da sai a wuri irin Arewa za a amsa su. Shekara nawa makarai ke daɗewa a jinin yaron da ke fama da tamowa da zazzaɓi? Wace ƙwaya za ta maye gurbin da aka share a maƙogwaro? Yaushe ya kamata a maimaita allura? Tarayyar Afirka tana son nan da 2040 nahiyar ta riƙa yin kashi 60 cikin 100 na allurar da take buƙata, alhali lokacin da aka tsai da wannan buri a 2021 abin da take yi bai wuce kashi 1 ba. Masana'anta kuwa ba ta aiki sai da masu awo.

Daga abin da ya gabata muna ganin abu huɗu sun cancanci a tattauna su a majalisun jami'a. Na ɗaya, a tsai da gurbin sunan ƙaramin mai bincike a rubuce tun kafin a fara aiki. Na biyu, duk samfurin da zai fita waje a bar rabinsa cikin sanyi a Yamai, ɗalibi kuma ya raka wanda ya fita don ya koyo awon. Na uku, a samar da guraben shekara 2 ko 3 na bincike zalla ga sababbin daktoci, da ɗan kuɗin da za su bi tambayar kansu. Na huɗu, a lissafa aikin fage da na bayani cikin harsunan ƙasa a matsayin aikin kimiyya, a kuma koyar da shi tare da Ingilishin rubutu tun daga mastar. A nan sassan harsuna da na zamantakewa suna da abin bayarwa. In an yi haka, ɗan Matankari ko ƴar Tibiri da suka ɗebi ruwan laka a likitar garinsu za su iya raka kwalbar har zangon ƙarshe, su kuma komo su faɗa wa masu ita abin da aka gani a ciki.